Amoniyak: Gona na Kwana da Yunwa, Ana Tuƙa wa Jirgi Tuwo

Kowace shekara, da gajimaren farko ya fara haɗuwa gabas, abu ɗaya ne ake gani a kasuwannin Maraɗi da Tasawa da Birnin Ƙwanni. Manomi ya tsaya gaban rumfar mai angire, ya tambayi kuɗin buhun ure, a gaya masa, ya yi shiru, daga ƙarshe ya ce a auna masa tiya biyu. A daidai wannan lokaci kuwa, cikin manyan otel na Turai da na ƙasashen Larabawa, ministocin Afirka suna sa hannu bisa takardun miliyoyin dalar Amurka, don a haɗa amoniyak da hasken ranar Afirka a zuba wa jiragen ruwa su ƙona. Abin da talaka bai sani ba shi ne, wanga amoniyak da za a ƙona, shi ne uwar ure ɗin da ya kasa saye. Babu ure sai da amoniyak. Don haka maganar ba ta malaman kimiyya ba ce su kaɗai. Magana ce ta rumbu, kuma ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su san ta tun kafin dillalanta su ƙwanƙwasa ƙofa.

Daga iska zuwa buhu

Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa azot ce, wato abin da ke sa ganyen gero ya yi kore. Amma shuka ba ta iya cin ta haka nan, zama ƙwayoyinta biyu-biyu suke, ɗaure da ƙulli uku mai wuyar kwancewa. A shekara ta 1909 wani Bajamushe, Firits Haba, ya gano yadda za a tilasta wa azot ta haɗu da idirojen su zama amoniyak. Kal Bosh ya mai da dabarar ta zama masana'anta, kamfanin BASF ya buɗe ta farko a Opau a 1913. Aikin yana buƙatar zafin digiri 400 zuwa 500, da matsi wanda ya ninka na iskar duniya sau 150 ko fiye. Yau duniya tana haɗa wajen ton miliyan 180 a shekara, kuma kusan kashi 70 cikin 100 angire ake yi da shi. Masu lissafi sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya da wannan angire ake ci da su.

Aibin hanyar Haba da Bosh yana ga idirojen ɗin. Daga gas ko gawayin ƙasa ake fid da ita, kuma wajen fid da ita hayaƙin karbon ke tashi, wajen ton miliyan 450 kowace shekara. Ga kuma aibi na biyu, wanda ya fi taɓa aljihun Sahel: farashin ure yana bin farashin gas kamar yadda jela ke bin raƙumi. A ƙarshen 2021, da kuma bayan ɓarkewar yaƙin Ukiren a 2022, ton ɗin ure ya haura dala 900 a kasuwar duniya. A watan Agusta na 2022 kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin masana'antun amoniyak na Turai ya tsaya don tsadar gas. Manomin Mayahi bai san inda Ukiren take ba, amma ya biya kuɗin yaƙinta a bakin rumfa.

Mi ya sa ake son a ƙona shi

Ba za a yi wa masu wannan sha'awa ƙarya ba: suna da hujja. Amoniyak ba shi da karbon cikinsa, don haka in an ƙona shi ba ya fid da hayaƙin da ke ɗumama duniya kamar gazuwal. Yana zama ruwa a sanyin digiri 33 ƙasa da sifili, alhali idirojen sai an kai ta 253. Akwai tankuna da tashoshi da jiragen da suka saba ɗaukarsa shekara da shekaru. Tun 1943, da gazuwal ya yi ƙaranci a Baljiyam saboda yaƙi, an tuƙa motocin haya da shi. A 2023 hukumar duniya mai kula da sufurin teku ta tsai da niyyar kawar da hayaƙin jiragen ruwa zuwa wajen 2050. A 2024 an gwada jirgi mai ƙona amoniyak a Singafo, kuma a wannan shekarar kamfanin JERA na Japan ya gauraya kashi 20 cikin 100 na amoniyak da gawayi a tashar wuta ta Hekinan.

Amma ga lissafin da ba a faɗi wurin taro. Ƙarfin da ke cikin kilo guda na amoniyak bai kai rabin na kilon gazuwal ba. Don a maye gurbin ton guda na man jirgi, sai an ƙona fiye da ton 2 na amoniyak. Kowane ton na amoniyak yana ɗauke da azot ta buhun ure kusan 36, zama buhu mai kilo 50 yana da kilo 23 na azot, amoniyak kuwa kashi 82 cikin 100 nasa azot ce. Ke nan kowane ton na man jirgi da aka canza, azot ta buhu wajen 80 ce ta koma sama inda ta fito. Har wa yau, in injin bai ƙona shi da kyau ba, yana fid da wata iska mai suna N2O, wadda ta fi hayaƙin karbon ɗumama duniya sau 273. Tsabtar man ta dogara ga injin da ya ƙona shi da wutar da aka haɗa shi da ita.

Hanya biyu, baki ɗaya

Nan ne ake yi wa jama'a rufa-ido. In dillali ya ce za a yi amoniyak da iska da ruwa da rana, abu biyu dabam yake haɗawa cikin kalma guda.

Hanya ta farko tsohuwa ce. Ana sa wutar lantarki ta raba ruwa, a sami idirojen, sa'an nan a kai ta ga tukunyar Haba da Bosh kamar kullum. Norwe ta yi haka da wutar madatsun ruwa tun ƙarshen shekarun 1920. Masar ta yi a Aswan daga 1960. Zimbabuwe ta yi kusa da Kwekwe daga 1972 har 2015, lokacin da tsadar wuta ta rufe sashen. Wagga hanya tana aiki, babu gardama, amma kowane ton yana cin wajen kilowat-awa 10,000, da ruwa mai tsabta aƙalla ton ɗaya da rabi.

Hanya ta biyu ita ce ake kururutawa cikin jaridu: ƙaramin akwati kamar batir, a shigar da azot da wuta, amoniyak ya fito, babu zafi babu matsi mai yawa. Da ta tabbata, da kowace ƙaramar hukuma ta yi angire ɗinta. Shekaru ana buga ɗaruruwan rahotannin nasara, sai a 2019 malaman jami'ar fasaha ta Danmak, tare da na Istanfod da na Landan, suka sake gwajin da azot mai alama wadda ake iya bin sawunta, suka buga sakamakon cikin mujallar Nature. Abin da suka tarar abin kunya ne: sinadaran da aka fi yabo cikin ruwa ba su haɗa amoniyak ko kaɗan ba. Ɗan abin da ake aunawa ƙazanta ce daga iskar ɗaki, da numfashin mai gwaji, da safar hannu, da kwalaben gas. Dabara ɗaya ce ta tsallake, wadda ke amfani da litiyom, wadda Japanawa suka bayyana tun farkon shekarun 1990.

Daga nan an ci gaba, kuma gaskiya ce a faɗe ta. A jami'ar Monash ta Ostareliya, a 2021, kashi 69 cikin 100 na gudun wutar ya tafi ga haɗa amoniyak. A 2022 suka kai kusan 100. Amma gudun wuta dabam, ƙarfin da aka kashe dabam. Litiyom yana neman ƙarfi mai yawa kafin ya yi aiki. A gwajin Danmak na 2023, kashi 13 cikin 100 kaɗai na ƙarfin da aka zuba ya zauna cikin amoniyak, alhali tsohuwar hanya tana riƙe wajen rabi. A 2024 sun tafiyar da akwatinsu awa 300 ba tsayawa, duniyar kimiyya ta yaba, kuma ya cancanci yabo. Abin da ya fito kuwa bai kai giram 10 ba. Babbar masana'anta guda tana fid da ton dubbai a yini. Duk wanda ya shigo ofis da jakar takardu ya ce yana da wanga akwati na sayarwa yau, a ce masa gani ya kori ji: ya nuna inda yake aiki, da buhunan da ya cika.

Kura da shan bugu

Manyan ayyukan da ake shela duka bisa tsohuwar hanya suke, kuma fuskarsu teku take kallo. Na Neyom a Saudiyya, mai dala miliyan dubu 8.4, an tsara shi ya riƙa ba da ton miliyan 1.2 a shekara, wato azot ta buhun ure miliyan 43, kuma wani kamfanin Amurka ya kama kayan na shekara 30. A Muritaniya an sa hannu a 2022 bisa aikin Aman na dala miliyan dubu 40. A Namibiya aikin Hyphen na dala miliyan dubu 10 an shata masa fili cikin gandun dajin Tsau Kaeb. A watan Yuli na 2024 Jamus ta yi gwanjon farko, kamfanin Fertiglobe ya ci, zai kai amoniyak ɗin Masar tashar Rotadam a kan wajen yuro 1,000 kowane ton. Ɗan kasuwa ya buga: jikka 656 ke nan, wato azot ta buhu guda ta haura jikka 18 tun ba a mai da ita ƙwaya ba, ba a ɗinka buhu ba, ba a biya mota ba, ba a biya duwan ba.

Wanda ya ce wannan ba ta shafi Nijar ba tunda ba ta da teku, ya sake tunani. Da kuɗɗin Jamus aka zana taswirar idirojen ta Afirka ta Yamma a 2021, kuma a shekarar aka buɗe karatun digiri na biyu kan wannan fanni a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. A 2023 ƙungiyar CEDEAO ta tsai da burin ton dubu 500 na idirojen zuwa 2030 da ton miliyan 10 zuwa 2050. Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma ranarta ba ta fita daga taswira ba. Ƙasar da aka ja wa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar Benin, babu mai cewa nisa zai kare ta daga dillalai.

Ɗan Nijar kuwa ba baƙo ba ne ga irin wagga ciniki. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, a Akokan a 1978. Shekara hamsin ana kunna fitilun wata ƙasa da shi, yau mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a nan. A Agustan 2023, da Nijeriya ta yanke layin da ke kawo wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasa, mai injin niƙa da mai walda da mai sayar da ƙanƙara duk sun ɗanɗana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada kuma a ce laifin Turawa ne kawai. A Maris 2022 aka buɗe masana'antar ure ta Ɗangote a Leki, kusa da Legas, mai ton miliyan 3 a shekara. Babban rabon kayanta jirgi yake hawa zuwa Barazil da Amurka da Indiya, don can ne mai biya da dala yake. Darasin a fili yake: masana'anta bisa ƙasar Afirka ba ita ce buhu cikin gonar Afirka ba. Kaya mai kuɗi suke bi, sai fa in doka ta tsare wani kaso tun ranar sa hannu.

A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga angire daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Da suka sake taruwa a Nairobi a 2024, ana maganar wajen kilo 18 ne, Nijar kuwa tana can ƙasan jerin. Nahiyar da ba ta cika rabin alkawarin da ta yi wa gonarta ba, da wane ido za ta yi wa jirgin wani alkawari?

Abin da masu kare ciniki za su ce

Za su ce fitar da kaya ke kawo kuɗin waje, da kuɗin a sayi angire. Haka aka ce game da uraniyom, haka aka ce game da gyaɗa. Kuma wanga ciniki ya rataya ne ga tallafin gwamnatocin masu saye, wanda kan canza da canjin zaɓe. A Satumban 2025 kamfanin RWE na Jamus ya janye daga alkawarin sayen amoniyak ɗin Namibiya. In mai saye ya juya baya bayan an ba da fili da ruwa an kuma yafe lanho, wa zai biya bashi? Ma'aikacin da ke jiran albashi ya san amsa.

Za su ce to a kafa ƙananan injuna a karkara. Akwai misali: a 2023 wata gonar kamfani kusa da Naibasha a Kenya ta kafa injin da ke ba da ton guda a yini da hasken rana. Abin dubawa ne, amma ba a rufe ido ba. Amoniyak iska ce mai guba. A Amurka da manyan tarakta ake cusa ta cikin ƙasa. Mai hauya cikin jigawa ba zai zuba ta da hannu ba. Ure kuma ba ta haɗuwa sai da iskar karbon, wadda masana'antar gas ke samu kyauta, injin rana kuwa ba shi da ita. Ke nan sai an mai da amoniyak ɗin wani gishirin angire, ko a narka shi cikin ruwan ban-ruwa a wurare irin Jiratawa da Ƙwanni da Galmi da gonakin shinkafa na bakin kogi.

Batun guba kuma ba tatsuniya ba ce. Ran 24 ga Maris 1992, a Dakar, tankin amoniyak da aka cika fiye da ƙima ya fashe cikin masana'antar man gyaɗa. Mutum 129 suka rasu, fiye da 1,000 suka jikkata. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya san yadda tankokin mai ke kifewa bisa hanyar Yamai zuwa Damagaram, da yadda jama'a ke rugawa da jarka, ya auna abin da zai faru ranar da abin da ke cikin tanki ya zama amoniyak.

Sai wuta. Tashar rana ta Goru Banda, mai megawat 30, wadda ta fara aiki a 2023, tana ba da wajen kilowat-awa miliyan 50 a shekara. Da za a hana Yamai ita gaba ɗaya a ba injin amoniyak, ton 5,000 za a samu, wato azot ta buhu 180,000. Ba abin rainawa ba ne, amma ya nuna tsari: wuta tukuna, angire na biye, mai na ƙarshe.

Abin da ke hannu

Abin mamaki, aikin da malaman Danmak da Ostareliya ke fafutukar koya wa akwati, wato kama azot ba zafi ba matsi, ƙwayoyin halitta da ke saiwar wake da gyaɗa da gawo suna yin sa kyauta tun kaka da kakanni. Manoman Maraɗi da Damagaram, ta hanyar sassaben zamani da suka kama tun shekarun 1980, sun raya itace bisa hekta wajen miliyan 5. A Sadore, malaman ICRISAT sun nuna cewa ɗan angire cikin marfin kwalba, a kowane ramin shuka, yana ɗaga amfanin gero ƙwarai, kuma sun nuna cewa a jigawar Nijar ƙarancin fosfor ya kan riga na azot hana gero. Fosfat kuwa yana kwance cikin ƙasar Tawa. Wane minista ne ya taɓa kiran taron otel don gawo?

Wannan ba kira ba ne a juya wa kimiyya baya. Abdu Mumuni Jofo ya shugabanci ofishin ONERSOL daga 1969, yana ƙera tukwanen ɗumama ruwa da injin rana a Yamai lokacin da manyan ƙasashe ke yi wa rana dariya. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'a sunansa, aka bar aikinsa ya yi ƙura. Jikokinsa na ilmi su ya kamata a ba ɗakin gwaji da kuɗin bincike, su bi sawun hanyar litiyom, su iya tantance gaskiya da romon baka ranar da aka kawo akwati. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar da takardar yarjejeniya ta iso bisa tebur, ma'aikacin da aka miƙa wa alƙalami, da ɗan kasuwar da aka nema ya zuba hannun jari, suna da haƙƙin jin amsa biyar a rubuce. Wace hanya ce cikin biyun, kuma a ina take aiki yanzu? Wutar daga ina, kuma nawa za ta shiga layin Nigelec? Ruwan daga wace rijiya, kuma su wa ke sha daga gare ta? Kashi nawa na kayan zai zama angire ya tsaya cikin ƙasa, a kan wane farashi? In tanki ya fashe, wa ke da alhaki? Yarjejeniyar da ba ta amsa waɗannan ba, a buga ta jama'a su karanta kafin kowa ya sa hannu. Wanda ya ƙi a buga, ya riga ya ba da amsa.

Jiragen duniya suna da masu su, kuma masu su ba su rasa lauyoyi da bankuna ba. Mai tiya biyu a bakin rumfa shi ne ba shi da wakili wurin taro. Azot ɗin da za a ciro daga iskar Sahel da ranar Sahel, gonarsa ce ta fi kowa haƙƙi a kanta.